Mutumin da Ya Wanke Yashi

Masu cewa kishi kumallon mata ne ba su taɓa kai wanki shagon Mai Guga ba. Da sun kai a shekarar da 'yarsa ta fara zuwa lambu, da sun ga namiji da gemunsa yana danna wa rigar mutane dutsen guga kamar ita ta yi masa laifi, duk saboda wani dogon mutum da bai ma san ana yi da shi ba.

Shagon yana cikin wani lungu, tsakanin mai aski da mai gyaran waya. Ɗaki ɗaya ne, teburin guga a tsakiya, kanta cike da kaya a ninke, a baya kuma ɗan fili inda baho da bokitai da igiyoyin shanya suke. Tun yana yaro baffansa ya ɗora shi a kan sana'ar da dutsen gawayi mai nauyi, kuma karatun farko da ya ba shi shi ne datti abokin gaba ne. Ya riƙe karatun fiye da yadda malamin ya yi nufi. In kuna gaisawa ba fuskarka yake kallo ba, kwalarka yake kallo, kuma daga gaban rigarka zai gaya maka abin da ka ci jiya. Shi kansa farare yake sawa a cikin aikin ruwa da sabulu, har a tashi ba ka ganin ɗigo a jikinsa. Mai aski yakan ce ko ƙuda sai ya goge ƙafa kafin ya shiga shagon.

Ya yi aure, suka daɗe shiru har dangi suka gaji da tambaya, sannan Allah ya ba su 'ya mace. Kurciya suke kiranta, saboda wata 'yar guɗa da take yi a maƙogwaro in tana jin daɗi. To, a nan maganar ta tsaya. Sa'anninta suka fara cewa Baba da Mama, suka kai ga yi wa iyayensu rashin kunya, ita ko uffan. Ba ta kallon ido, ba ta juyowa in an kira ta, in ka taɓa ta sai ta janye jiki kamar wuta ta lashe ta. Uwarta a gidan burodi take aiki tun safe har yamma, don haka a shago yarinyar ta girma, ƙarƙashin teburin guga, tana jera maɓallan da suke faɗowa daga kayan mutane, waɗanda uban yake tara mata a gwangwani.

Yana son ta son da ba ya faɗuwa. Shi yake yi mata wanka cikin dabara ba tare da ta yi kuka ba, shi ya gane cewa zanen da aka sa wa sitaci yana damun fatarta, shi yake tashi ya rufe ƙofa in mai gyaran waya ya ƙure kiɗa. Ba ta taɓa riƙe hannunsa ba, amma ya sami abin da yake lallashin kansa da shi: ba ta riƙe na kowa ba. Abin da ba a ba kowa ba, ai ba za a ce an hana ka ba.

Wata likitar yara ce ta tura su lambun. A bayan wata cibiya yake, inda ake kula da yara masu jinkirin magana da masu wahalar motsi da irin su Kurciya. Gurbi kaɗan ne, masu jira da yawa, kuma tun ranar farko aka gaya musu cewa duk yaron da ya daɗe bai zo ba, za a ba wani wurinsa. Mai Guga ya yi zaton zai ga ɗaki mai fanka da allo. Sai ya ga fili da bishiyoyi, tulin yashi, gungumen itace a kwance, lilon tsohuwar taya, kunyoyin alayyafo da yara suka tattake, da wani kwari cike da taɓo wanda da gangan ake sakar masa ruwa da tiyo. Da gangan. Sai da ya tambaya sau biyu.

Mai kula da wurin shi ne wanda yara da iyaye suke kira Kawun Lambu, dogo, mai tafiya kamar ba ya son isa, da rigar da tun da aka ɗinka ta ba ta taɓa haɗa ido da dutsen guga ba. Kallo ɗaya Mai Guga ya yi masa ya raina shi. Aikin nasa ma bai yi kama da aiki ba. Ba ya kiran yaro, ba ya ce masa zo ka gani, ba ya tafa masa. Sai ya sami wuri kusa da yaron, ba kusa sosai ba, ya zauna a ƙasa ya shiga tonon rami ko tara tsakuwa, kamar shi kaɗai ne a duniya. In yaro ya matso, ya matso. In bai matso ba, gobe ma rana ce. Iyaye kuwa akwai benci a bakin shinge, duk da cewa an ce wanda yake so ya cire takalmi ya shigo. Mai Guga kan shimfiɗa hankici a bencin ya zauna.

Da farko Kurciya a jikin shinge take tsayawa, hannuwa a kunne. Sannu a hankali ta sauke hannun. Wata rana ta cire takalmi da kanta. Wata rana ta taɓa taɓon da ɗan yatsa, ta daɗe tana kallon yatsan, sannan ta tsoma hannun gaba ɗaya, aka ji guɗar nan tata har bakin shinge. Ta fara hawa gungume, ita da ko matakala ba ta yarda da ita. Ta fara cin abinci sosai, tana barci. Duk wannan Mai Guga ya yi murna da shi, ko da yake kowace ranar lambu sai ya jiƙa kayanta ya sha dirza yana mita.

Abin ya lalace ne a wata safiya da ruwan tiyo ya tsaya. Kurciya ta dubi bakin tiyon, ta girgiza shi, ta dubi famfon da ya fi ƙarfin tsawonta. Sai ta taka har inda Kawun Lambu yake zaune, ta kama babban yatsansa, ta ja shi zuwa famfo, ta ce, "Ruwa."

Kalma ce sarai, ba guɗa ba, kowa a benci ya ji. Wata uwa ta fashe da kuka. Wani uba ya kama hannun Mai Guga yana girgizawa yana cewa barka. Shi ma ya washe baki yana amsawa, amma a cikinsa wani abu ne ya tokare shi a ƙahon zuci. Ruwa. Shi da ya ƙare rayuwarsa a cikin ruwa, shi da kullum yarinyar take ganinsa yana ɗiba yana zubarwa, ba a ce masa ruwa ba, sai wani mai yamutsattsiyar riga da ya san ta jiya-jiya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ya ji kunyar abin da yake ji, kunyar kuma ba ta rage komai ba.

Da suka koma shago ya cika bokiti ya ajiye a gaban tebur, ya tsuguna. "Kurciya, mene ne wannan? Ce ruwa. Ru-wa." Ta ci gaba da jera maɓallanta. Ya miƙa mata babban yatsansa, ya bar shi a miƙe har hannun ya gaji. Mai aski ya leƙo ya tambaye shi ko ƙaya ce ta soke shi.

Uwar kuwa da ta ji labari da yamma, zama ta yi a ƙasa tana dariya tana hawaye, tana sa shi yana maimaita mata. "Yaya ta faɗa? Da ƙarfi? Allah ya saka wa Kawun nan da alheri." Tun daga ranar sunan Kawu ya shigo gidan ya zauna. Kawu ya ce a bar ta ta taka ƙasa ba takalmi. Kawu ya ce kada a riƙa cika ta da tambaya. Mai Guga ya ji kamar an ƙara musu mutum a ɗaki, mutumin da ba ya ko biyan haya.

Daga nan idonsa ya buɗe a kan laifuffukan lambu. Taɓon nan wa ya san abin da ke ciki? Ya ga yaro ya ɗauki tsutsa da hannu. Ya ga wani ya kai ƙasa baki. Kurciya ta yi atishawa sau ɗaya, ya ce ga shi nan, sanyi ya kama ta.

"Maman Kurciya," ya ce wata yamma, yana ninke zani ba tare da ya dube ta ba, "mene ne a lambun nan da ba zan iya yi mata a bayan shago ba? Yashi ne da duwatsu da ruwa. Ruwa dai ai ba za a nuna mini shi ba."

"Baban Kurciya, ba yashin ba ne kawai. Mutanen nan aikinsu ke nan."

"Wane aiki? Mutum ya zauna a ƙasa yana tonon rami? Ni ma zan iya, kuma nawa zai fi tsabta."

Ta dube shi da kyau, ta ce, "Ruwa ba ya tsami banza. Me Kawu ya yi maka?"

"Ni? Ina ruwana da shi."

Shi yake kai ta, don haka shi ya daina kai ta. Ya ce na ɗan lokaci ne, har ya gama gini. Ya kwashe rabin igiyoyin shanya, ya sa aka kawo masa yashi a baro. Yana zubawa ya ga ƙwaro da guntun kara da kashin awaki a ciki, zuciyarsa ta ce a'a. Ya tankaɗe yashin da rariya. Bai gamsu ba. Ya zuba shi a baho, ya sa garin sabulu, ya cuɗa, ya ɗauraye har ruwan ya fito fes, sannan ya baza shi a kan tsofaffin zannuwan gado ya shanya. Duwatsun ya dirje su ɗaya bayan ɗaya da buroshi, ya jera su manya da manya, ƙanana da ƙanana. Ya sayo ciyawar roba ya shimfiɗa. Ya samo gungume, ya kankare ɓawon, ya goge har ya yi santsi. Taɓo ne kaɗai bai yi ba, don a ganinsa shi ne kuskuren da ya zo gyarawa.

Lungu ya sami abin kallo. Mai gyaran waya ya tambaye shi ko yashin ma za a yi masa guga. Mai aski ya ce shi dai yana jira ya ga an sa wa duwatsun sitaci. Ya sha mur bai kula su ba. A zuciyarsa yana ganin ranar da Kurciya za ta kama yatsansa ta ja shi, uwar tana tsaye tana gani, a daina jin sunan kowa a gidan.

Ranar da ya gama, ya buɗe ƙofar baya ya yi gefe. Kurciya ta fito, ta taka ciyawar roba, ta ɗaga ƙafa ta dubi tafin. Ta tsuguna ta ɗebi yashin, ya zube ta tsakanin yatsunta, bai kama ba, bai bar komai ba. Ta kai hanci ta shinshina. Ƙamshin sabulu ne, irin na rigarta da matashinta da hannun ubanta da duk abin da ta sani tun haihuwa. Ta kakkaɓe hannu ta koma ƙarƙashin tebur.

Ya ce sabo ne, za ta saba. Ba ta saba ba. Yadda ta san ranakun lambu, Allah kaɗai ya sani, amma duk ranar sai ta ɗauko takalminta ta tsaya a ƙofar shago tana kallon bakin lungu. In rana ta yi sama ba a tafi ba, sai ta fara buga goshi a jikin ƙyaure, a hankali, a hankali, sannan da ƙarfi, har sai ya sa tafin hannunsa tsakanin goshin da katakon. Guɗar ta ɗauke. Abinci ya koma sai an yi fama. Yana gani, ba makaho ba ne. Amma duk lokacin da ya yi niyyar mayar da ita sai ya tuna yatsan nan da aka kama, sai ya ce bari dai a ƙara mako.

Wata rana da hantsi yana goge farar rigar wani ma'aikacin banki, inuwa ta rufe ƙofa. Kawun Lambu ne, ya sunkuyo don kada kansa ya bugi saman ƙofa, rigarsa kamar an ƙwato ta daga bakin saniya. Suka gaisa.

"Malam, na ce bari in biyo in ji ko lafiya. Malamar cibiya ta ce in ba a kawo ta ranar lambu mai zuwa ba, za a ba wani yaro wurin. Uwar yaron kullum tana zuwa tambaya, ba za mu iya ci gaba da ce mata ta jira ba."

"Lafiya lau," in ji Mai Guga. "Mun yi namu tsarin."

Bai rufe baki ba ya ji motsi a ƙafarsa. Kurciya ta rarrafo daga ƙarƙashin tebur, ta bi ta gefensa kamar turmi ta wuce, ta je ta tsaya a jikin baƙon, ta kama ƙafar wandonsa mai busasshen taɓo. Guɗar da ta yi makonni ba a ji ba ta dawo. A shagonsa, a gaban kayan aikinsa. Ya tsaya yana kallo har sai da ƙauri ya tashi. Ya ɗaga dutsen, ga shatin dutsen baƙi ƙirin a bayan rigar mutane. Tun da baffansa ya miƙa masa dutsen guga bai taɓa ƙona ko hankici ba.

"Ni na haife ta," ya ce. "Ni nake mata wanka, ni nake ba ta abinci. Ko sau ɗaya ba ta taɓa kama ni haka ba. Kai me ka ba ta?"

Kawun Lambu ya sosa ƙeya, ya dubi yarinyar, ya dubi rigar da ta ƙone. Da alama bai taɓa kawo wa ransa wannan ba. "Wallahi ban ba ta komai ba, Malam. Ba ni take so ba, taɓo take so. Ni dai a ciki ta same ni." Ya juya zai tafi. "To, na dai faɗi saƙo." Sai da aka ɓamɓare yatsun Kurciya daga wandon kafin ya iya fita, kuma Mai Guga ne ya ɓamɓare, tana ihu.

Da uwar ta dawo ta ga kumburin goshin, ta ji yadda aka yi, ba ta ɗaga murya ba. Ta ajiye jakarta, ta ce, "Na yi shiru ina kallonka kana wanke yashi, na ce ƙila son 'ya ne ya yi maka yawa. Ashe so so ne, amma son kai ya fi. Ka gaya mini gaskiya, ka fi so ta zauna ba ta magana, da ta yi wa wani magana?"

Ya buɗe baki ya ce a'a, sai ya ji a'ar ba ta fito da sauri yadda ya kamata ba. Wannan jinkirin ya tsorata shi fiye da komai.

"In ba za ka kai ta ba," ta ce, "zan bar aikin in kai ta da kaina, mu ga abin da za mu ci."

Ranar lambu ya rufe shago, ya kai ta. Tun daga bakin ƙofa ta fizge, ta watsar da takalmi, ta nufi kwarin taɓo inda Kawu yake zaune, ko waiwaye babu. Iyaye suka matsa masa a benci. Ya zaro hankicinsa, ya tsaya da shi a hannu, sannan ya mayar aljihu. Ya cire takalmi ya jera su a jikin shinge, ya naɗe ƙafar wando a kan kari, ya shiga.

Ƙasar ta yi sanyi, ta kutsa tsakanin yatsun ƙafarsa, tsigar jikinsa ta tashi. Ba wanda ya tarbe shi. Kawu ya ɗaga kai ya gan shi, ya ci gaba da abin da yake yi. Bai san inda ake zama ba, bai san me ake yi ba, sai ya sami gefen kwarin ya tsuguna yana tattare farar rigarsa. Da ƙafafun suka gaji ya haƙura ya zauna. Ya ji ruwa ya ratsa wandon. Ya runtse ido ya tura hannun dama cikin taɓon har wuyan hannu, ya bar shi nan, don ba shi da wata dabara.

An daɗe. Wani yaro ya zuba masa yashi a cinya ya wuce. Kurciya tana can tana tona wa ruwa hanya da tafin hannu, hanyar tana tahowa a karkace, har ta iso inda ƙasar ta yi tauri ta gagare ta. Ta dudduba kusa da ita. Ba ta kalli fuskarsa ba. Ta kama wuyan hannunsa da hannuwanta biyu, ta ɗaga shi, ta kafa yatsunsa a wurin mai tauri, ta ja, ta sake kafawa, ta ja, kamar yadda ake yi da ƙaramar fartanya. Yatsunta ƙanana ne, masu ɗumi, sun fi ƙarfin yadda ya zata. Ya ƙi ko numfashi mai ƙarfi don kada ta tuna hannun wa ta riƙe.

Ƙasar ta buɗe, ruwan ya bi. Ta saki hannun a inda yake, ta miƙe, ta taka zuwa wurin dogon mutumin, ta kama yatsansa, ta ce masa, "Ruwa."

Abin nan ya sake tokare Mai Guga a ƙirji, bai ragu ko kaɗan ba. Ya bi su da ido har famfo, yana jin haushin rigar, yana jin haushin tsawon, yana jin haushin yadda mutumin bai ma san darajar abin da aka ba shi ba. Ya tuna akwai masu zuwa karɓar kaya da azahar, akwai kuma mai rigar da zai ba haƙuri. Amma hanyar ruwan ba ta ƙare ba, akwai sauran ƙasa mai tauri a gaba kaɗan. Sai ya matsa kusa da wurin, ya mayar da hannun cikin taɓo, ya buɗe yatsun yadda za su yi sauƙin kamawa, ya jira.